Walƙiya da Hoton Gwaggonsa

Shekara ashirin da uku ina wanke wa Walƙiya hotuna. Shagona ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma, kuma kusan duk masu hoton unguwarmu nan suke kawo aikinsu, tun zamanin fim har aka koma kati da kwamfuta. Wanda yake wanke wa mutum hoto ya san shi fiye da yadda yake zato. Na san ranar da hannunsa ya yi rawa, na san wanda ya yi wa kallon mutunci a wurin taro da wanda ya tsallake. Abin da zan ba da labarinsa kuma da hannuna a ciki dumu-dumu, shi ya sa na daɗe ban buɗe baki ba.

Fitilar da ke kan kyamararsa ce ta jawo masa wannan suna. Wata ƙatuwa ce mai kai kamar na maciji, ya saya ta hannu a wurin wani da ya bar sana'ar. In ya shiga taro ba ka jin komai sai ƙyas, ƙyas, mutane na runtse ido, jarirai na tsala ihu. Hotunansa duk kamanninsu ɗaya: fuska fari fat kamar an watsa wa mutum gari, ido ja kamar na mage a duhu, bayan mutum kuwa baƙi ƙirin, ba ka sanin a ɗaki aka ɗauka ko a bakin titi. Amma jama'a na so, domin kowa yana ganin kansa. Shi ma ya yarda cewa babu na biyunsa. Ga shi dogo, ga baki, ga riga mai aljihu goma sha. Ba mugun mutum ba ne, cika baki ne kawai ya yi masa yawa.

Gwaggonsa ce ta raine shi. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ubansa direban babbar mota ne wanda wata uku sai ya wuce ba a ga ƙeyarsa ba, sai yayar uban ta ɗauke shi. Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Aikinta wanki a wani babban asibiti: zannuwan gado, rigunan likitoci, tawul, duk abin da mara lafiya ya ɓata. A ɗakinta guda ɗaya na bayan asibitin ya girma, cikin warin sabulu da tururin dutsen guga. Sunan mahaifinta gare shi, don haka ba ta kiransa komai sai Babana, har ya yi furfura a gemu. Makaranta ta gagare shi. Ta kai shi wurin makanike ya gudu, ta kai shi wurin tela ya karya allura bakwai a mako guda. Da ya ce hoto yake so, ita ta saya masa kyamararsa ta farko, ita kuma ta fara zama a gabanta. Daga nan ya kama sana'a, ya yi aure, ya haifi uku.

Ni ma na san ta. Takan biyo ta shagona in ta taso aiki, ta leƙo ta ce, "Abokin sana'a, yaya wanki?" In ce, "Gwaggo, namu ai ba ya cin hannu kamar naku." Sai ta yi dariya ta nuna min tafukanta da ruwa ya cinye. Mace ce gajera, baƙa sosai, baƙi mai sheƙi, da ɗan wushirya.

Da ta cika shekara talatin da biyar a wurin aiki, abokan aikinta suka shirya mata taron sallama. Da dare aka sa shi, domin lokacin ne masu aikin rana suka tashi, masu aikin dare kuma za su iya leƙowa. A filin shanya na bayan ɗakin wanki aka jera kujeru. Mako biyu kafin ranar ta je gidan Walƙiya da kanta.

Ta ce, "Babana, sun ce za su ɗauko mai hoto, na ce a'a, ina da nawa a gida. Guda ɗaya nake so, babba, wanda zan rataya a bango. Ban taɓa yin taro nawa na kaina ba."

Ya ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Ko ƙuda ya gitta a wurin nan sai ya fito a hoto."

Ban je taron ba. Abin da ya faru daga bakinsa na ji, daga baya, sauran kuma hotunan ne suka gaya min. Yana isa ya kunna fitilarsa ya harba sau uku, sai ga shugabar masu jinya ta taho da sauri. Ta nuna masa tagogin da ke kallon filin, ta ce ɗakin waɗanda aka yi wa aikin ido ne, na kusa da shi kuma na jarirai. Ta ce don Allah ya kashe wannan walƙiyar, in ya so ya yi aikinsa da hasken da ke wurin.

Hasken da ke wurin kuwa ƙwan lantarki ɗaya ne, an rataye shi a saman teburin manyan baƙi. Shekara goma sha biyar yana sana'a bai taɓa ɗaukar hoton dare ba tare da fitilarsa ba. Bai san ta inda ake farawa ba. Da ya ce bai iya ba a lokacin, da an sami mafita, ko a ƙara ƙwai ko a matso da kujeru. Amma mai riga mai aljihu goma sha ba ya cewa bai iya ba. Ya ce, "Ba matsala, ranki ya daɗe, ƙaramin aiki ne."

Sai ya je ya tsaya inda hasken yake, ya yi ta ɗaukar waɗanda ke ƙarƙashinsa: babban likita, shugabar masu jinya, mai kula da ma'aikata. Yana ɗauka yana miƙa musu katin shagonsa. Gwaggo kuwa ta ƙi zama a teburin manya, ta ce kunya take ji, ta koma can cikin abokan wankinta a gindin igiyar shanya. Sau ɗaya ta fito tsakiya, lokacin da aka kira ta karɓar kyauta, kuma ta tsaya ta ba ƙwan baya, sanye da farin mayafi. Ya ɗauka, ya duba ɗan gilashin bayan kyamara, ya ga abin da ya gani. Bai ce ta juyo ba, don kada manya su gane akwai matsala. Ya ce a ransa mai wanki zai gyara.

Washegari da sassafe ya zo min da katin. Hoto ɗari biyu da goma sha ɗaya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Babban likita ya fito sau arba'in da wani abu, har da wanda yake hamma. Gwaggo tana cikin guda tara. A dukansu farin mayafi ne tsaye, a tsakiyarsa baƙin rami inda fuska ya kamata ta kasance. A guda ɗaya ana ganin haƙoranta.

Na yi iya ƙoƙarina. Na ƙara haske har mayafin ya ƙone, fuskar ta zama yashi-yashi, ba hanci ba ido. Na ce masa, "Abin da kyamara ba ta gani ba, ni ba ni da inda zan samo shi."

Ya zauna a kan bencina. Can ya zaro walat ɗinsa, ya fito da wani ɗan ƙaramin hoton Gwaggo, irin na katin shaidar aiki, wanda ya ɗauke ta tun farkon sana'arsa.

Ya ce, "Ɗora wannan a kai."

Na ce, "Kai, wannan ya shekara goma sha biyar fa."

Ya ce, "Idonta ba ya gani sosai yanzu. Ka rufa min asiri."

Na san bai dace ba, kuma na yi. Har da alfahari na yi shi, in gaya muku gaskiya. Na yanko fuskar, na daidaita ta cikin mayafin, na rage mata haske, na shafe gefe-gefen. Wuni guda na ɓata. Da na gama na kira mai gyaran agogo ya duba, ya ce bai ga komai ba. Muka wanke shi babba, muka sa a firam mai ruwan zinariya.

Ya roƙe ni in raka shi kai mata, wai don in taya shi riƙe firam ɗin a kan babur. Muka tarar ɗakinta cike da mata, abokan aikinta sun zo taya ta ɗaure kaya, domin za ta bar gidan ma'aikata. Ta ga mun shigo da abu a nannaɗe, ta goge hannu a zaninta, ta ce a ba ta tabaronta. Ta karɓa ta matsa bakin ƙofa inda rana take.

Ta daɗe tana kallo. Matan suka taru a bayanta. Wata doguwa mai yin guga, wadda bakinta ba ya da linzami, ita ta fara magana.

Ta ce, "Ikon Allah! Ashe ritaya mayar da tsohuwa yarinya take yi? To ni ma gobe zan ajiye aiki."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Yaya, ina tabon da dutsen guga ya yi miki a kumatu? Ya tafi hutu shi ma?" Wata kuma ta ce, "Daren nan fa kuka kika yi ta yi har idonki ya kumbura, ga shi nan kin tsare gida kamar za a ɗauke ki aikin soja."

Ni dai na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan wani buhun kaya. Walƙiya yana tsaye da hularsa a hannu, gumi na bin wuyansa.

Gwaggo ta juyo ta ce, "Ku dai hassada ce ke damunku. Ɗana ne ya yi min kwalliya. Wadda take da ɗa mai hoto ta je ya yi mata." Ta sa aka kawo mana ruwa, ta yi ta sa masa albarka a gabansu har suka gaji suka koma ɗaurin kaya.

Da muka tashi tafiya ta rako mu har bakin famfo, inda ba kowa. Ta dube ni tukuna.

Ta ce, "Abokin sana'a, ni da kai mun san akwai tabon da ba ya fita. In bai fita ba, gaya wa mai kaya ake yi, ba a ninke shi ta ciki."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

Sannan ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Babana, ban ce ka gyara ni ba. Cewa na yi ka ɗauke ni. Na so in ga yadda nake a ranar, da tsufana da komai. Ina ta hango ka can wurin manya, na ce bari ya gama da su zai zo. To, ba komai. Ku gaida gida."

Da ya sauke ni ya manta ma bai kashe babur ba, ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya ja ya tafi. Wata guda bai kawo min aiki ba. Mai ɗakinsa ta ce min ya ƙi karɓar aikin dare ko ɗaya, abinci ma sai ta yi da gaske.

Akwai wani tsohon mai hoto a bayan tashar mota da ake kira Mai Ƙafa Uku, saboda ba ya rabuwa da sandunan da ake kafa kyamara a kai. Walƙiya ya sha yi masa ba'a a shagona, yana cewa kafin tsoho ya kafa ƙafafunsa an ci an sha an watse. Wurinsa ya je. Ya ce min sau biyu yana kaiwa ƙofar shagon yana juyowa, a na uku tsohon ya gan shi ya ce, "Shigo mana, ko fitilar ce ba ta wuce ƙofa?"

Ya nuna masa hotunan tara, ya faɗi komai, har da abin da muka aikata. Tsohon ya ɗaga ɗaya ya kai kusa da hancinsa.

Ya ce, "Waɗannan farare da ke bayanta mene ne?"

Ya ce, "Zannuwan asibiti ne, Baba, a kan igiya."

Tsohon ya ajiye hoton ya ce, "Kana tsaye a tsakiyar fararen zannuwa sun fi hamsin, ka ce ba haske? Da mutum biyu sun riƙe guda ɗaya a gabanta, hasken ƙwan nan ya daki zanin ya dawo fuskarta, da ka ga har gashin girarta. Kai ba mai hoto ba ne, ɗana. Mai fitila ne."

Walƙiya ya haɗiye maganar. Wata bakwai yana zuwa wurin tsohon bayan faɗuwar rana, mutum mai 'ya'ya uku, yana ɗaukar masa sanduna. Abin da ya koya ba wani sirri ba ne, yakan faɗa wa duk wanda ya tambaya. In ka shiga wuri, kafin ka taɓa kyamara, ka nemi inda haske yake fitowa, ka juyo da fuskar mutum gare shi. Ka auna hasken a kan fatar mutum, ba a kan tufarsa ba, domin farin yadi yana ruɗin kyamara ta ɗauka gari ya waye, sai ta bar baƙar fuska a duhu. Ka buɗe idon kyamara iyakar buɗewarsa, ka bar shi ya ɗan daɗe kafin ya ƙifta. A wannan ɗan lokacin ko numfashi ka yi hoton ya yi rawa, don haka ka jingina da bango, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi. Kuma ka jira. Mai jawabi yana da inda yake tsayawa ya haɗiyi yawu, mai dariya yana da inda dariyar take tsayawa cak kafin ta sauko. Nan ake dannawa. Tsohon yakan kashe wutar shagonsa ya kunna kyandir ɗaya, ya zauna ya ce, "To, ɗauke ni. In ban ga kunnena na hagu ba, sake."

Na ga canjin a hankali, a kan kwamfutata. Da farko duk dishi-dishi suke zuwa, cikin goma ba ka tsintar ɗaya mai kyau. Daga baya bango ya fara fitowa a bayan mutane, da labule, da wanda ke gyangyaɗi a layin ƙarshe. Baƙaƙen mutane suka fara fitowa da launinsu na gaskiya, da sheƙin goshi da komai. Fitilar bai yar da ita ba, amma in zai yi amfani da ita sai ya juya kanta sama ko gefe, hasken ya daki rufi ya sauko a hankali. Cikin shekara uku ya zama in taro na dare ne shi ake nema. Sunan dai ya ƙi barinsa. Surutun ne ya ragu ƙwarai.

Gwaggo ta koma gidansa da zama, suka ba ta ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ranar da ta tare, ta sa babban ɗansa ya buga ƙusa, ta rataye firam ɗin nan a saman gadonta. Walƙiya ya roƙe ta ta bari ya cire. Ta ce, "Kai ka ba ni. Kyautar ɗa ba a sa ta a ƙarƙashin gado." Ya ce to ta shirya ya sake ɗaukarta, yanzu ya iya. Ta ce, "Da wane taron? Ai an watse, Babana." Ba da fushi ta faɗa ba, tana ɓare wa jikarta lemo ma a lokacin. Yana da hotunanta da yawa yanzu, tana barci a kujera, tana yi wa yara faɗa, kyawawa ƙwarai, ni na wanke su. Takan duba ta ce sun yi kyau, ta mayar masa. Kullum da safe in ya shiga gaishe ta, a ƙarƙashin wancan firam ɗin yake durƙusawa. Ya ce min har yau bai iya ɗaga kai a ɗakin ba. Ni kuwa tun da ta tare sau ɗaya na shiga, na gaishe ta daga bakin ƙofa na ce sauri nake yi.

Mai Ƙafa Uku ya rasu bara waccan. 'Ya'yansa suka kawo wa Walƙiya sandunan, suka ce shi ya ce a ba shi.

Makon jiya ya zo min da aikin wata makarantar manya ta yamma, inda masu gadi da masu shara da direbobi suke koyon karatu bayan sun tashi aiki. An yi musu taron kammalawa a wani aji mai ƙwai biyu, ɗaya ma yana ƙiftawa. Ya zo da takardar sunayensu, mutum hamsin da takwas, ya ja kujera kusa da ni. Duk fuskar da ta fito sai ya sa alama a gaban sunan mai ita. Muka kai ƙarshe, hamsin da bakwai. Ya sake bi daga farko, haka dai. Ya kira malamin makarantar a waya, aka ce masa ai wannan mai gadin dare ne a wata ma'aikatar katako, yana karɓar takardarsa ya fita da gudu don kada ya makara aiki.

Ya tambayi kwatancen ma'aikatar, ya rubuta a bayan takardar. Na ce masa mutum ɗaya ne cikin kusan sittin, ba wanda zai lura. Ya ce in riƙe aikin kada in wanke tukuna. Ya ce in ara masa farin ƙyallen da nake rufe injina da shi, na cire na kakkaɓe na ba shi. Ya ninke ya cusa a jaka, ya ɗaure sandunan a bayan babur, ya ce mai gadin ƙarfe takwas na dare yake kama aiki, in ya yi sauri zai same shi kafin ya canja kaya.